Fadamar Bayan Gidanka Ba Juji Ba Ce

Idan kana zaune a Kpakungu, bakin hanyar Bida a Minna, ka san yadda gangaren unguwar ke cika da ruwa a watan Agusta da Satumba. Wataƙila ma filinka ya haɗa da 'yar fadama, kana shirin cike ta da ƙasa ka ƙara ɗaki. Dakata tukuna.

Fadama kamar soso take. Tana shanye ruwan sama, ta riƙa sakinsa sannu a hankali, ciyayinta kuma na tace ƙazanta kafin ruwa ya kai ga rijiyoyi. In ka toshe ta, ruwan zai nemi hanya, wataƙila ta ɗakin 'ya'yanka. Ambaliyar Mokwa ta watan Mayun 2025, wadda ta ci rayuka sama da 150, ta isa darasi.

Mayar da ita juji ma illa ce. Leda da robobi na tare ruwa, cikin mako biyu ƙwan sauro ya zama mai cizo. Bayan gida kuwa na jawo cutar amai da gudawa.

Kafin damina, tara maƙwabta ku kwashe sharar da safar hannu da takalman roba, ku buɗe hanyar ruwa, ku bar ciyayin. Ku nemi hukumar kare muhalli ta jiha, NISEPA, ta kwashe abin da kuka tara.

Takardar fili taka ce, amma ruwan na unguwa ne. Ka riƙe amana.