Tambur Mai Huji: Ramukan da Suka Tsare Dukiyar Kamfanoni

A gidaje da yawa akwai tsohuwar adaka ko akwatin ƙarfe da iyaye suka bari, cike da wasiƙu da rasidai na zamanin da. In aka zo shara, akan ga wani tambur, wato kan sarki, da ƙananan ramuka a tsakiyarsa, sai a ce gara ce ta ci shi, a jefar. Muna roƙon masu karatu su dakata su duba da kyau. Gara ba ta iya rubutu ba. In ramukan nan sun jeru sun ba da siffar haruffa, to da gangan aka yi su, kuma akwai tarihi a bayansu.

Asalin al'amarin daga Ingila ne, ƙasar da ta fara fitar da tambur a shekarar 1840. A wancan lokaci gidan waya yana karɓar tambur da ba a yi aiki da shi ba ya ba da kuɗi, har mutane sukan biya ƙananan basussuka da shi. Saboda haka tambur ya zama tamkar kuɗi a aljihun tebur. Ɗan aike ko magatakarda marar riƙon amana yakan ɗebi kaɗan ya sayar, ko ya aika wasiƙun kansa da kuɗin maigida. Kamfanin da ke aika ɗaruruwan wasiƙu kullum, asararsa ba ƙarama ba ce.

Wani mutumin Landan mai suna Joseph Sloper shi ya kawo magani. A 1858 ya yi rajistar wata na'ura mai allurai da ke huda takardun kuɗi, sa'an nan a 1868 hukumar gidan waya ta yarda a riƙa huda tambur da ita. Kowane kamfani ya zaɓi haruffan farko na sunansa ko tambarinsa. Gidan waya kuwa ba ya sayen tambur mai huji, don haka wanda ya sace shi ba shi da inda zai kai. Dabarar ta bazu: Faransa ta ba da izini a 1876, Amurka a 1908. Masu jin Ingilishi suna kiran irin wannan tambur "perfin", Faransawa kuma "timbre perforé".

Gwamnatoci ma sun ari dabarar don wasiƙun ofisoshinsu. Ostireliya ta huda OS, Kanada ta huda OHMS. A nahiyarmu, Sudan ta huda SG a kan shahararren tamburinta mai hoton ɗan aike bisa raƙumi don aikin gwamnati, da AS don aikin soja. Iyalan da ke da dangi a can suna iya cin karo da irinsa.

Abin da ya rage amfaninsa shi ne na'urar da ke buga shaidar biyan kuɗi kai tsaye a kan ambulan, wadda ta fara yaɗuwa a shekarun 1920. Faransa ta janye izinin hudawa a 1954. Shekaru da dama masu tara tambur suna ɗaukar mai huji a matsayin lalatacce suna zubarwa, shi ya sa wasu nau'o'in suka yi wuyar samu. Daga baya aka gane darajarsa, aka kafa ƙungiyoyi, kamar Perfins Club a Amurka a 1943, da ANCOPER a Faransa. Nau'o'in da aka lissafa a Birtaniya kaɗai sun haura 20,000.

To, yaya ake gane mai tambur? Da farko a kife shi a kan baƙar takarda, domin zanen fuskarsa yana ɓoye ramukan. Daga baya haruffan za su fito a juye, sai a karanta su da madubi. Kada a yi mamaki in an gan su a kishingiɗe ko kai ƙasa, gama ma'aikata sukan ninke takardar tambur kafin su sa ta a na'ura don aiki ya yi sauri.

Na biyu, a ƙirga ramukan kowane harafi, a auna tsawonsa da milimita, a duba ko akwai ɗigo bayansa. Haruffa kaɗai ba su isa shaida ba. A Faransa CL na bankin Crédit Lyonnais ya fi kowane yawa, amma bankin ya yi aiki da na'urori dabam-dabam a rassansa, kuma wani kamfani yana iya samun haruffa iri ɗaya da wani. SG a kan tamburin Faransa yawanci bankin Société Générale ne, alhali a kan na Sudan gwamnati ce. In rami ɗaya ya ɓace a wuri guda a tambura da yawa, alama ce allura ta karye, kuma wannan yana taimakawa wajen sanin lokacin da aka huda.

Na uku, a karanta hatimin gidan waya, domin shi ke faɗin gari da rana. Amma shaidar da ta fi kowace ƙarfi ita ce ambulan mai ɗauke da suna da adireshin kamfanin da ya aiko. Don haka babbar shawararmu ita ce kada a ɓamɓare tambur mai huji daga ambulansa. Wanda ya raba su ya raba shaida da mai ita, kuma ba a iya gyarawa.

Sai a yi hattara da jabu. Huda takarda ba wuya, shi ya sa ƴan damfara sukan kwaikwayi tamburan gwamnati masu tsada. Ramin na'ura yakan fita daidai wa daida, na allurar hannu kuwa yakan karkace ya bar tsage-tsage. Mu kuma faɗi gaskiya: mafi yawan tambura masu huji kuɗinsu kaɗan ne, kada kowa ya sa ran arziki daga gare su.

Wajen ajiya, a ɗauke su da matsefata, kada a sa gam, a nisanta su da laimar damina da hasken rana. A rubuta ƙasa da haruffa da adadin ramuka a ƙarƙashin kowane. Aiki ne da uba ko uwa za su iya zama da yara su yi, yaro ya koyi ƙirga da awo da sunayen ƙasashe, ya kuma ji dalilin da ya sa har ɗan ƙaramin tambur sai da aka yi masa tsaro. Kafin a ƙona tsofaffin takardun kaka, a ɗaga kowace ambulan a haske a duba.