Kunne ya girmi kaka: yadda ake koyon goge a Imanan da Kurfai

Duk wanda ya bi hanyar Yamai zuwa Filinge, ya ratsa Baleyara ya sauka Bonkuku, hedkwatar Imanan, ya shiga ƙasar da Buzaye da Zabarmawa da Kurfayawa suka daɗe suna maƙwabtaka cikin kwarin Dallol Boso. Harsunansu daban ne, amma kowanensu ya san kayan kiɗa mai tsirkiya ɗaya: Bahaushe ya ce goge, Bazabarme ya ce goje, Buzaye kuwa suna da imzad, wanda mata ke gogawa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya na ƙasashe uku, Nijar da Mali da Aljeriya, a 2013.

Ƙirar goge ba ta da wuya: ƙwarya ce aka rufe da fatar guza, aka soke ta da icce, aka ɗaure tsirkiya ta izgar doki bisa wani ɗan icce da ake kira jaki. Ana shafa ƙaro ga bakan gogawa don ya kama. Wuyar tana ga koyo, domin wuyan goge ba shi da alama ko ɗaya da za ta nuna wa yatsa inda zai tsaya. Gitar tana da ƙarafan da suka raba muryoyi, goge kuwa babu. Idan yatsa ya goce ko da faɗin ƙwayar hatsi ne, murya ta ɓaci, kuma kunne kaɗai ke iya gane haka.

Shi ya sa maigoge ba ya gaggawar miƙa wa yaro baka. Almajirin yakan fara da ɗaukar kaya da zama bayan maigidansa. Daga nan ya shiga sahun masu kiɗan ƙwarya, inda zai koyi riƙe ma'aunin kiɗa. Sai ya shiga amshi, ya riƙa rera take da bakinsa har ya zauna masa. Abin da baki bai iya rerawa ba, yatsa ba zai same shi ba.

Darasi na gaba shi ne ɗaurin tsirkiya. Fata da izga suna bin yanayi: raɓar damina na sa su saki, iskar hunturu na sa su ɗaure. Dole yaro ya daidaita gogensa da muryar mawaƙi kowane lokaci, ba tare da wata na'ura ba. Bayan haka maigida ya goga ɗan guntun take, yaro ya maimaita, a yi ta yi har kunnen yaron ya soma kama kurensa tun kafin a tsawata masa.

Harshe ma yana taimakawa. Bahaushe yana bambanta kuka ta miya da kuka na hawaye ta hawa da saukar murya kawai, kuma goge yana bin wannan hawa da sauka har masu saurare su ji kirarin da yake faɗi. Wani malamin kiɗa na ƙasar Japan, Shinici Suzuki, wanda ya rasu a 1998, ya yi suna a duniya da koyar da gogen Turawa bisa wannan hanya: yaro ya ji tukuna kamar yadda ya ji harshen uwarsa, karatun takarda ya biyo baya.

Kure a nan ba ƙaramin abu ba ne. A wasan bori, kowane iska yana da takensa, kuma masu wannan al'ada suna cewa wanda aka ɓata wa take ba ya zuwa. Ƙasar Kurfai ta san nauyin wannan harka, don a nan ne Babule, waɗanda ake kira Hauka, suka ɓulla wajen 1925, har suka tayar da hankalin Turawan mulkin mallaka.

Yau wannan makaranta ta kunne tana cikin matsi. Samari suna tafiya cirani Yamai da Kwatano da Legas, a shekarun da ya kamata su zauna bayan maigida. Rashin tsaro, wanda ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi a 2017, ya rage tarukan dare. A bukukuwa da yawa, lasifika ta maye gurbin makaɗi. Salula tana iya adana take, yaro ya saurara sau ɗari, amma ba ta iya ce masa ya kuskure.

An buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya a Yamai a 1989, sai dai gwanayen suna ƙauyuka. Ɗan kasuwar da ya gayyaci maigoge da yaransa ga bukin ɗiyarsa, da ma'aikacin da ya sa su cikin shirin bukin gunduma, su ne ke biyan kuɗin wannan makaranta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kunnen yaro ma haka.