Adadin 3,321 da Hatimin Malam Muhammadu al-Katsinawi

Cikin malaman da Katsina ta fitar akwai Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, masanin hisabi, wanda ya tafi aikin hajji, daga baya ya zauna a Alkahira har ya rasu can a 1741. Wajen shekarar 1732 ya wallafa littafi da Larabci inda ya bayyana hanyoyin tsara hatimi mai gidaje mara, watau wutiri, kamar uku-uku ko biyar-biyar. Nufinmu a nan shi ne mu ɗauki adadi guda daga irin wannan hatimi, mu bincika halinsa.

A zana hatimi mai gida tara a tsaye, tara a kwance. Gidajensa 81 ke nan. A zuba lambobi daga 1 har 81, kowace sau ɗaya. Jimlarsu duka ita ce 3,321. Ba sai an wahala da dogon tarawa ba: 1 da 81 sun ba da 82, haka 2 da 80, haka 3 da 79. Irin waɗannan tagwaye arba'in ne, watau 3,280, sai 41 ta saura ba abokiya. In an ƙara ta, an sami 3,321.

To, wane aji za a sa wannan adadi? Da farko mara ne, domin ba ya rabuwa biyu daidai. Na biyu, ginanne ne, gama 3 sau 3 sau 3 sau 3 sau 41 ke haifar da shi. Ita kuwa 41 ba ta rabuwa sai da 1 ko da kanta. Na uku, mai kusurwa uku ne: in aka jera tsakuwa ɗaya, a ƙarƙashinta biyu, sa'an nan uku, har layi 81, tsakuwa 3,321 za a ci.

Masana hisabi na Larabawa, bisa tafarkin Yunanawa, sun kasa adadi uku: cikakke, mai rara, da mai naƙasa. Akan tara lambobin da suke raba adadi daidai, ban da shi kansa. Na 28 sun taru sun ba da 28, saboda haka cikakke ne. Na 12 sun kai 16, mai rara ke nan. Masu raba 3,321 su ne 1, 3, 9, 27, 41, 81, 123, 369 da 1,107. Jimlarsu 1,761, ba ta kai shi ba. Ashe mai naƙasa ne.

Amfanin wannan bincike a fili yake. Tun da layuka tara ne, kowane layi tilas ya tashi 369, watau 41 sau 9. Ɗalibin da ya sami 368 ko 370 ya san akwai kuskure tun kafin malami ya duba. Ya kamata malaman kwalejojin horon malamai su riƙa koyar da rabawa da ninkawa ta wannan hanya, domin yaro ya gane cewa ilmin lissafi ya daɗe a ƙasar Hausa tun kafin a buɗe Kwalejin Katsina a 1922.