Gonar Gado, Takardar Gwamnati

Yau shirin namu ya yada zango a Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. Da kaka, nan za ka ga motocin masara da shinkafa suna ɓullowa, kaya har sama. To, gonakin da suka ba da wannan albarka, na wane ne?

Tambayi manomi a Kiru ko Bebeji, zai ce maka gado ne. Zai kama hannunka har bakin iyaka, ya nuna maka layin gamba da kakansa ya dasa, da tsohuwar ɗorawar da ke kusurwa. Shaidunsa mai unguwa ne da dagaci da maƙwabtan gona. Takarda kuwa, ko ƙyalle babu.

Ita doka dabam take kallon abin. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta kafa, ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Manomi haƙƙin zama da noma yake da shi. Ranar da hukuma ta buƙaci wurin don aikin jama'a, diyyar shuka da itatuwa da gini za a lissafa masa, ban da ƙasar kanta. Mutanen yankin Tiga sun ɗanɗana wannan tun kafin dokar: da aka kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙauyuka suka tashi, ruwan ya gangara ya raya noman rani a Kadawa da Kura.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jingina. Damina ta kawo kai, babu kuɗin taki, ga maras lafiya a gida. Banki ba ya karɓar layin gamba a matsayin shaida, sai mutum ya nufi mai hali, ya jinginar da fadamarsa a gaban mutum biyu. Shekaru su ja, shaidu su kwanta dama, 'ya'yan mai kuɗi su ce ai saye ne. Idan mace ce mai gadon, sau da yawa ma kasonta yana hannun 'yan'uwanta maza, sunanta bai taɓa hawa ko'ina ba.

Alhali dokar nan ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a kan filin noma, har hekta 500. Mai kadada biyu ba ya buƙatar zarya zuwa birnin Kano. Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su tura ma'auna ƙauye-ƙauye da rani, a auna gona a gaban dagaci da maƙwabta, a fitar da burtalin makiyaya a taswira, a rubuta sunan kowane magaji, mace da namiji, a kan kuɗin da bai wuce na buhun masara ba.