Cike Gurbin Wazirin Sakkwato a Majalisar Arewa, 1949

Sau da yawa malaman makaranta kan tambaye ni wace jam'iyya ce ta fara tsayar da Sardauna Ahmadu Bello takara. Amsar ita ce babu. Ya shiga Majalisar Wakilai ta Arewa ne a 1949 ta hanyar cike gurbi, tun babu wata jam'iyyar siyasa da ke neman kujera a Arewa.

A ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, talakawa ba su jefa ƙuri'a. En'e-en'en kowane lardi su ne ke fitar da wakili daga cikin manyansu, a tura shi Kaduna. Da Allah ya yi wa Waziri Abbas rasuwa a 1948, sai Malam Junaidu ya gaje shi a wazirci, kujerar majalisa kuwa aka ba Sardauna, wanda bai daɗe da dawowa daga koyon aikin ƙananan hukumomi a Ingila ba.

Wannan canji ya faɗo a kan gaɓa, domin a lokacin ne aka soma sake duba tsarin mulki, har aka yi babban taron Ibadan a 1950. Nan da nan Sardauna ya shiga sahun masu magana da yawun Arewa. Jam'iyyar Mutanen Arewa kuwa a sa'an nan ƙungiyar al'adu ce kawai. NEPU ta kafu a Kano ran 8 ga Agusta, 1950, sannan NPC ta zama jam'iyya a Oktoban 1951.

Zaɓen 1951 ma hawa-hawa aka yi shi. NEPU ta yi nasara a matakin farko a birnin Kano, amma ko mutum ɗaya nata bai kai majalisa ba, saboda rinjayen En'e a mataki na ƙarshe. Sardauna kuwa ya zama Ministan Ayyuka a 1952, Firimiya a 1954.

Don haka ina roƙon malamai su fayyace wa ɗalibai cewa shugabannin NPC na farko ta ƙofar En'e suka shiga majalisa, daga baya jam'iyya ta tattara su. Wanda bai gane wannan ba, zai yi wuya ya fahimci dalilin da NEPU ta dage sai an ba talaka ƙuri'arsa kai tsaye.