Dokar 2011-42 da matsalar fassara: wane ne « indigent » a Tibiri?

A cikin wannan ɗan rubutu muna so mu duba wasu kalmomi na doka mai lamba 2011-42 ta ranar 14 ga Disamba 2011, wadda ta kafa ANAJJ, hukumar da aka ɗora wa taimakon marasa hali a gaban shari'a. A shekarar ce kuma aka cire Tibiri daga Dogondutsi ta zama gunduma.

Dokar ta raba abu biyu: « assistance juridique » da « assistance judiciaire ». Na farko shi ne wayar da kai da ba da shawara, kyauta ga kowa. Na biyu shi ne a ba mutum mai kare shi gaban alƙali, gwamnati ta ɗauki kuɗin. In aka fassara su duka da « taimakon shari'a », kamar yadda baki ya fi saurin yi, bambancin ya ɓace. Mu dai mun fi son « shawarar doka » da « kariya gaban alƙali ».

Kalmar « indigent » ta fi wuya. « Talaka » ba ta dace ba, domin a ƙasar Arewa, kamar sauran ƙasar Hausa, talaka shi ne wanda ba ya cikin sarauta, ko da rumbunsa cike yake da hatsi. « Miskini » da « fakiri » kuwa na babin zakka ne. Saura « matalauci », amma magidanci nawa ne zai yarda a rubuta masa wannan suna a takarda? Ga shi kuma yawanci sai da shaidar rashin hali babba yake samun mai kariya. Yaron da ake tuhuma, shi dokar ba ta nemi wannan shaida gare shi ba. Dokar 2014-72 ta 20 ga Nuwamba 2014 ta sake tsara kotunan yara.

Wane ne mai kariyar? Yawancin lauyoyi a Yamai suke, ofisoshin hukumar kuma an buɗe su a manyan kotuna irin ta Doso. Saboda haka aka tanadi « défenseur commis d'office », wanda ba lauya ba ne, an dai naɗa shi ya tsaya wa wanda ake tuhuma. Kiransa « lauya » yaudarar manomin Tibiri ce. « Mai tsaya wa » ya fi kusa da aikinsa.