Shayin soɓorodo da lemun tsami

Ganyen shayin da samari suke dafawa a ƙofar gida daga ƙasar Sin yake zuwa. Da kuɗi ake sayensa. Amma akwai wani shayi da yake fitowa a gonakinmu. Shi ne soɓorodo, jan ƙoƙon da yake rufe ƴaƴan yakuwa. Mata ne suka fi shuka yakuwa a bakin gonar hatsi. Ganyen yana shiga miya, irin kuma da shi ake yin daudawar batso.

A Amurka da Kanada mutane suna jefa wasu ƙananan ƴaƴan itace shuɗɗa cikin shayinsu. Sunansu bulubari. Ba sa yi a ƙasarmu, don suna son sanyi da ƙasa mai tsami. Amma abin da yake ba su launi, irinsa ne yake cikin soɓorodo. Ba sai an je nesa ba.

Ga yadda ake yi. A ɗebi busasshen soɓorodo cike da hannu 1. A tsince tsakuwa, a wanke shi sau 2, don an shanya shi a fili, ƙura ta hau shi. A ɗora ruwa lita 1 a wuta. Kada a sauke da ya fara ƙara. Sai ya tafasa sosai, yana juyawa, har minti 1 ko fiye. Tafasar nan ita take kashe ƙwayoyin cutar gudawa da suke cikin ruwan rijiya da na tabki. Soɓorodon da aka jiƙa da ɗanyen ruwa yana da kyaun gani, amma tsaminsa bai isa a dogara da shi ba.

In ruwan ya tafasa, a zuba soɓorodon da ɗan guntun citta. A sauke, a rufe, a bar shi minti 10. Sannan a tace da tsumma mai tsabta, a juye cikin kwanon sha ko tulu. Kada a bar shi cikin tukunyar dalma, don tsami yana cin dalma.

Lemun tsami shi ne na ƙarshe. Sai shayin ya huce a matse rabin lemu. Dalili kuwa, a cikin lemu akwai wani abin gina jiki da likitoci suke kira bitamin C, zafin wuta kuma yana ɓata shi. Da ruwan lemu ya shiga, za a ga jan ya ƙara haske. In kanwa ce ta shiga, sai ya yi duhu. Wanda ba shi da lemu ya jiƙa tsamiya a tafasasshen ruwa ya ƙara.

Wannan bitamin yana taimakon jiki ya sami ƙarfen da ke cikin wake da ganye, wanda jini yake bukata. Shayin Sin kuwa yana rage wannan in an sha shi a kan abinci. Macen da ba ta da isasshen jini ta jinkirta shi sai bayan awa 1 ko 2.

Sukari kaɗan ya isa, ko da yake yara ba za su yarda da wannan magana ba. Mai ciki da mai shan maganin hawan jini su tambayi likita kafin su riƙa sha kullum, don soɓorodo yana ɗan saukar da jini. Abin da aka dafa da safe a shanye shi a ranar. Lokacin bazara ba ya kwana.